Ranar da Aka Zo Ƙirga Siniva

Duk wanda aka taɓa ɗaura wa aure a ƙauyen Salelupe, ko ya binne uwarsa, ko ya kai jariri coci, to ya bi ta hannun Siniva, ko ya tuna ko ya manta. Ita ke ɗinka rigar amarya, ita ke ƙara mata faɗi a wajen ciki ba tare da ta tambayi dalili ba. Ita ke jera furanni a coci ranar Asabar. Ranar Lahadi ita ke jan muryar mata a cikin mawaƙa, in kuma maza sun kwana a kan kwalba muryarsu ta dushe, sai ta sauke muryarta ƙasa ta tallafe su, Fasto yana gyaɗa kai yana cewa mazan garin nan Allah ya yi musu baiwa.

Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ta haura hamsin, gashinta har gadon baya, ba ka raba kunnenta da jan fure. Namiji aka haife ta, aka raɗa mata Simanu. Tun tana 'yar mitsitsiya, in yara maza sun ruga bakin teku, ita tana gindin uwarta tana miƙa mata ganyen saƙar tabarma. Ba wanda ya kira taro a kan haka. Fa'afafine ce, shi ke nan, irin waɗanda aka haifa maza suka tashi a layin mata. Kusan kowace zuri'a da nata, wadda ba ta da shi kuwa daga tsakar gidanta za ka gane, don ciyawa ta kai gwiwa. Sunan Siniva a filin ƙwallon mata ta samo shi, ya kuma biyo ta har gida. Kowa ya karɓa ban da ubanta. Tsoho Ulisese har gobe Simanu yake kira, "kai" yake ce mata, ita kuma tana amsawa, don ba a canza wa tsoho baki.

'Ya'ya biyu Allah ya ba Tsoho, bai haifi mace ba. Babban, Faletolu, ya hau jirgi zuwa Niyu Zilan tun yana saurayi, can yake tuƙa bas. Da uwarsu ta rasu, ciwon shanyewar ɓarin jiki kuma ya kayar da Tsoho, Siniva ce ke sungumarsa kamar jariri ta kai shi wanka, ta juya shi a kan tabarma kada bayansa ya yi gyambo, ta ba shi gwaza da romon kifi a baki. Ta gama ta ɗauki adda ta tafi gona, ta dawo ta hau keken ɗinki. Tsofaffin garin masu 'ya'ya mata uku-uku suna kallo suna haɗiyar yawu.

Tsoho shi ne matai, wato shi ke riƙe da sarautar zuri'a, kuma mai riƙe da ita shi ke da ta cewa a kan ƙasar zuri'a, tun daga gonar kwakwa har bakin ruwa inda tsohon gidan yake tsaye a kan ginshiƙansa. Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya ce zai miƙa ta tun yana da rai, kuma Siniva yake so. Sai dai Salelupe na cikin garuruwan da majalisar dattawansu ba ta zama da mace mai sarauta. Wata rana tana goge masa baki bayan abinci ya riƙe mata hannu.

"Simanu, ɗa na haifa, ɗa zan kai majalisa. Za ka aske gashin nan, ka cire furen, ka zauna da ƙirji a buɗe kamar kowa. In ka dawo gida ka yi abin da ka ga dama."

"Dattawan za su yarda, Baba?"

"Wa ke ɗinka musu zanen Lahadi? Sun sani, sun kuma san yadda ake yin kamar ba a sani ba. Kai dai kada ka sa su ji da kunnensu."

Ta ce to. Ba don tana kwaɗayin zama cikin tsofaffi masu gyangyaɗi ba, sai don ta san abin da zai faru in sarautar ta faɗa hannun wanta.

Shi kuwa Faletolu yana jin labari ya sauka, da tumbinsa, da takalmi mai igiya a garin da Fasto ma silifas yake sawa, da hoton ɗakunan baƙi a cikin wayarsa. Bai ɓoye ba. Tsohon gidan ya tare wuri mafi kyau a bakin teku, za a rushe shi a jera ɗakunan da Turawa za su riƙa kwana suna ƙona fatarsu. Tsoho da Siniva a gina musu ɗakin bulo can kan tudu, bayan gonar ayaba.

"Kwanon rufin da ke kanku wa ya aiko da shi?" in ji shi. "Keken guragun Baba fa? Ko don ban yi shara a tsakar gida ba sai a ce ban yi wa gidan nan bauta ba?"

Gaskiyarsa ce kuwa, abin haushin ke nan. Aka sa Asabar ranar taron zuri'a. Dangi suka fara sauka daga tsibirin da ke maƙwabtaka da nasu da tabarminsu da 'ya'yansu da yunwarsu, gida ya cika har kan duwatsun tsakar gida.

Cikin wannan makon, da hantsi, Siniva na kan keke tana haɗa rigunan mawaƙa, sai ga wata mata ta nufo gidan, sanye da riga mai tambarin gwamnati, riƙe da na'ura mai faɗin faranti. Ta san tarbiyya. Ta cire takalmi, ta sunkuyo ta shigo, ta zauna ta naɗe ƙafa, ba ta ce uffan ba sai da ta zauna ɗin. Ta gai da Tsoho da kalmomin da suka dace, ta gai da Faletolu, ta gai da ƙanwar Tsoho, Gwaggo Seutatia, wadda ke jingine da ginshiƙi tana naɗa taba a busasshen ganyen ayaba. Ta ce sunanta Taumaia, daga ofishin ƙididdiga a Apia, babban birnin ƙasar.

"Ba kowane gida muke shiga ba, ranku ya daɗe," ta ce. "Ƙuri'a aka yi, gidanku ya faɗo. Abin da kuka faɗa shi za a ɗauka a matsayin bakin gidaje da yawa da ba mu shiga ba. A ƙarshe ma ba za a ce ga adadi cif ba, za a ce tsakanin kaza ne da kaza."

"Ashe gwamnati ma canke take yi," in ji Gwaggo. "Ni ma haka nake ƙirga jikokina."

Taumaia ta yi murmushi, ta ce tambayoyin na lafiya ne, ruwan sha, hawan jini, taba. Gwaggo ta tura tabarta ƙarƙashin cinya. Sannan akwai sabuwar tambaya guda: ana son a san, cikin manyan mutanen ƙasar nan, nawa ne fa'afafine, nawa ne kuma fa'afatama, matan da suka tashi a layin maza. A da maigida ake tambaya, shi kuma ya ce 'ya'yana maza kaza, mata kaza, a rubuta a wuce. Don haka a takarda kusan babu su, asibiti kuwa ba ya tanadi don mutanen da babu su.

"Babu su?" Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "To rigar da ke jikinki aljani ya ɗinka?"

Aka yi dariya. Siniva ba ta yi ba. Ƙafarta ta tsaya cik a kan keke. Ta san wannan tambaya tun kafin ta shiga takardar gwamnati. Shekara da shekaru ƙungiyarsu ta fa'afafine a Apia ke neman a sa ta, ita kanta ta sha sayar da abinci a bikin tara kuɗi dominta, ta sha tara 'yan ƙannenta, ƙananan fa'afafine na gundumar, tana nuna su da almakashi tana cewa, ranar da aka zo duk wadda ta yi ƙarya kada ta sake tako mini shago. Abin da bai taɓa zo mata a rai ba shi ne ƙuri'ar za ta faɗo gidansu, kuma a wannan mako. Ta ɗaga ido, ta iske Faletolu ita yake kallo. Ya ajiye wayarsa, abin da bai yi ba tun saukarsa.

"Ƙa'ida ita ce kowane baligi ya amsa wa kansa," in ji Taumaia, "kuma a keɓe."

A keɓe. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida ko dai a ɗaki mai ƙofa aka haife shi, ko ya daɗe bai je gaida kakarsa ba. Gidan Tsoho ginshiƙai ne da rufi, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, in ka yi atishawa maƙwabci ya ce maka sannu.

"Mu koma rumfar girki, 'yar'uwa," Siniva ta ce tana miƙewa. "Can ba kowa."

"Rumfar girki?" Faletolu ya dafe ƙirji. "Baƙuwar gwamnati, cikin hayaƙi da aladu? Gobe a ce gidan Ulisese an kai baƙuwa wajen tukwane? Baba, da ranka?"

Tsoho ya girgiza kai. Ba wanda ya iya musawa, don haka al'ada take, baƙo a gaba yake zama. Mutumin da ya manta yadda ake fere kwakwa, ga shi ya tuno al'ada tsaf a ranar da ta yi masa rana.

"To ko a sauke asabarin gefen nan?" Taumaia ta nuna asabarin ganyen kwakwa da ke naɗe a saman ginshiƙai.

"Da rana tsaka?" in ji Gwaggo. "Rabon da a sauke asabarin gidan nan da rana tun ranar da uwar yaran nan ta cika. Sauke ki gani. Yanzu mata su taho da kuka da tabarmin ta'aziyya, wana yana zaune yana kallonsu."

Haka aka zauna a fili. Kafin a gama da Tsoho da Gwaggo, dangi sun matso. Wannan ta tuna akwai ganyen da ba a tsince ba daidai bakin gidan, wancan ya jawo abin kankare kwakwa ya zauna a inuwar rufi. Ba wanda ya kalli ciki, kunnuwa dai duk suna ciki.

Da aka zo kan Faletolu, Taumaia ta rage murya ta karanta: a wane jinsi aka haife ka, yanzu kuma yaya kake ɗaukar kanka, namiji, mace, fa'afafine, ko fa'afatama?

"Namiji!" Har kajin tsakar gida suka watse. "Namiji aka haife ni, namiji nake. Rubuta da manyan baƙaƙe. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

Sai Siniva. Ta amsa na ruwa, ta amsa na hawan jini. Da suka iso wurin, Taumaia ba ta karanta ba. Yarinya ce mai hankali. Ta miƙa mata na'urar da hannu biyu, ta ce, "Yaya, wannan ki karanta da kanki ki taɓa. In kin ga dama ma kina iya tsallakewa."

Siniva ta kare na'urar da tafin hannunta, ta dubi layukan nan huɗu, ta taɓa na uku. Ta mayar. Ba wanda ya gani sai Taumaia, ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar mai addu'a.

"Me kika danna?" in ji Faletolu.

"Ba dole ta faɗa ba, ranka ya daɗe," in ji Taumaia.

"Ba ke na tambaya ba, baƙuwa, sha kokonki. Ni na faɗi nawa kowa ya ji. Wanda za a kai majalisar dattawa me zai ɓoye a gaban ubansa? Siniva, me kika danna?"

Kankarar kwakwa ta tsaya a waje. Mai tsintar ganye ta tsaya a sunkuye, kamar an dasa ta.

"Faɗa masa, Simanu," in ji Tsoho. Idonsa mai lafiyar yana kanta, yana roƙo.

Hanya a buɗe take, ta kuma gan ta. Na'ura ba ta da baki, Taumaia ba za ta tona ba. An riga an ƙirga ta daidai, 'yan ƙannenta ba su yi asara ba. Kalma ɗaya ce ta rage, ta faɗa wa Faletolu ita, a yi 'yar dariya a waje, ranar Asabar ta karɓi sarauta, gida ya tsaya. Ta gyara zama. Ta nemo muryar nan ta ƙasa da take ara wa maza ranar Lahadi. Kalmar ta taso har maƙogwaro.

A nan ta tsaya. Ta yarda da aski, ta yarda da cire fure, don gashi yana tsirowa, fure kuma yana nan a bishiya. Amma duk tsawon rayuwarta ba a taɓa sa ta ta faɗi wannan kalma da bakinta ba, ba kuma ta taɓa lissafa cewa za a sa ta ba. Ashe ba sau ɗaya za ta faɗa ba. Faletolu zai tambaya ranar Asabar. Zai tambaya a gaban dattawa. Duk ranar da aka yi gardama a kan iyakar gona, wanda ya rasa hujja zai tambaya, ita kuma ta nemo muryar aro ta amsa, har ranar da za a sauke mata asabari.

"Fa'afafine na danna, Yaya," ta ce da muryarta ta kullum. "Me kake so in danna, kifi?"

Wata ta ƙyalƙyale a waje, ta haɗiye sauran da ta ji ita kaɗai ce. Faletolu bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ɗauki wayarsa kawai.

Can Tsoho ya ce, "A juya ni in kalli teku." Siniva ta yunƙura. Ya ɗaga hannunsa mai lafiyar. "Faletolu zai yi." Faletolu ya zo ya kama shi ta inda ba a kamawa, ya ja, Tsoho ya cije leɓe.

Siniva ta raka baƙuwa har bakin titi. Idon Taumaia ya yi ja.

"Yaya, ki yafe ni. Da na sani da na dawo wani makon."

"Je ki ƙirga, 'yar nan, rana na yi. Amma ki gaya wa manyanki su daina aiko tambayar cikin ɗaki garin da ba bango."

Kafin la'asar maganar ta gama gari, abin da kowa ya sani tun shekara hamsin ya zama labari. Tsoho ya ƙi cin abinci daga hannunta. Matar wani ɗan ƙaninsa ke ba shi, rabi a baki rabi a ƙirji. Siniva na ganin bayansa ya fara ja a inda ya daɗe kwance, ba ta da halin taɓawa. Ta ɗinka wa rigar mawaƙa guda hannu a baibai, abin da ba ta yi ba ko tana koyo. Da yamma in ta je ɗebo ayaba sai ta tsinci kanta tsaye a kan tudu tana duban filin da za a yi ɗakin bulon, tana auna ta inda za a bi da keken Tsoho in ruwa ya sauka hanya ta zama taɓo.

Ranar Asabar aka shimfiɗa sababbin tabarmi. Manyan zuri'a suka jingina da ginshiƙan gaba, Siniva tana can baya tsakanin butocin shayi, inda ta saba. Bayan addu'a da dogayen gaisuwa, Faletolu ya yi magana, kuma ya iya. Ya yabi ƙanwarsa har ta ji kunya. Ya ce ba wanda ya bauta wa Baba kamarta.

"Ni ban ce komai a kanta ba," ya ce. "Ita ta faɗa, a gaban gwamnati, a gaban kowa. In muka kai sunanta majalisa aka dawo mana da shi, kunyar ta wa ce?"

Wani kawu mai furfura ya gyara murya ya ce dattawa sun riga sun aiko masa a asirce. Suna ƙaunar Siniva, amma abin da kunne ya ji ya ji. Aka zaga, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, duk wuri ɗaya suka nufa, wato a ba Faletolu. Tsoho yana kallon rufi. Siniva tana zuba shayi.

Saura mutum ɗaya. Ba a naɗa sarauta a zuri'a sai 'yar'uwar mai sarauta ta amince, ita ke magana a ƙarshe, kuma ba namijin da ke son 'yar'uwarsa ta tashi daga taro da ɓacin rai, don bakinta in ya kama zuri'a har jikoki sai sun ji a jikinsu. Gwaggo Seutatia ta tofar da guntun tabarta waje.

"Faletolu, ɗan wana. Ka ce Siniva ba namiji ba ce?"

"Ita ta ce, Gwaggo."

"Na ji nata, da kunnena. Naka nake nema."

Ya waiga dama da hagu. "Ba namiji ba ce."

"Madalla. To ni na tsufa, haƙorina ma sun riga ni tafiya. Ubanka yana da ni, shi ya sa bai taɓa sayar da ko taku ɗaya na ƙasar nan ba, ba don kirkinsa ba. Kai wa kake da shi? Mai sarautar da ba shi da 'yar'uwa, wa zai ji tsoro?" Ta daki tabarmar da ke gefenta. "Gwamnati ce mai gurbi huɗu. Gidan nan wuri biyu ne, can gaba inda kuke, da nan inda nake. Ka tashe ta daga can, to nan za ta zauna. Na ba ta bakina tun yau. Ita za ka roƙa, ba ni ba."

"Haba Gwaggo, ai ita ba mace ba ce!"

"Yanzu kuma? Zaɓi ɗaya, yaro, kada ka mai da mu abokan wasanka. In namiji ce, ubanka ya riga ya zaɓi nasa, a kawo almakashi. In ba namiji ba ce, 'yar'uwarka ce, ka matso."

Kawu mai furfura ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an yi haka ba.

"Ba ka taɓa gani ba don ba a taɓa samun wanda ya rasa hankalin da zai tambaya da ƙarfi ba," in ji Gwaggo. "Yanzu an samu, ga shi nan da takalmi. Siniva, ajiye butar nan. Akwai masu hannu."

Siniva ta ajiye. Ta sunkuya ta ratsa ta bayan mutane, ta zauna kusa da Gwaggo. Ba wurin da ta nema ba ne, ba kuma amsar da ta danna ba ce, amma shi ne wurin da ke akwai. Daga nan tana ganin fuskokin kowa, abin da ba ta taɓa gani ba a taro, don kullum ƙeyarsu take gani.

Faletolu ya dubi ubansa, uban yana kallon rufi. Ya dubi kawunnai, kowa ya sami abin dubawa a tafin ƙafarsa. Ba a miƙewa tsaye a gaban mutanen da ke zaune, don haka da gindi ya ja jiki, tumbi da komai, har ya iso gabanta. Gumi na bin wuyansa.

"Ƙanwata," ya ce, da kyar. "Kin amince?"

"Gidan nan zai tsaya," ta ce. "Muddin Baba na da rai, muddin ina da rai. Ba a cire ginshiƙi ko ɗaya."

"Siniva, wurin nan ne kaɗai mai yashi. Can gaba duk duwatsu ne."

"Ka yi ɗakunanka bayan duwatsun. Turawa teku suka zo gani, Yaya, ba ya ƙarewa."

"In na ƙi fa?"

Ita ma ba ta sani ba. Ba ta taɓa yi wa kowa baki ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba. Ta dai zuba masa ido, tana addu'a kada ya gane. Gwaggo ta fara naɗa wata tabar a hankali, kamar wadda ke da yini guda.

"Zai tsaya," in ji Faletolu.

"Ka ɗaga murya," in ji Gwaggo. "Ranar nan har kaji sun ji ka."

Ya ɗaga.

Tsoho ya koma karɓar abinci daga hannunta bayan Faletolu ya kusa kayar da shi a wurin wanka, amma bai taɓa tada maganar ba, ita ma ba ta tada ba. Ɗa ya so ya kai majalisa, bai kai wanda ya so ba, wannan kuma ba abin da za a dafa masa ya manta.

Ranar naɗi aka yanka aladu, dattawan gari suka zauna, aka kira Faletolu da sunan sarauta aka miƙa masa kofin naɗi. Siniva tana gefen Gwaggo cikin rigar da ta ɗinka wa kanta, tana kallo ya ɗaga kofin ya sha. Sai a lokacin ta gane ashe ta so abin fiye da yadda ta gaya wa kanta. Ta ce hayaƙin gashin alade ne ya shige mata ido, Gwaggo ta ce ƙwarai, hayaƙin yau mugu ne.

Da aka zo rabon abinci, sabon mai sarauta da kansa ya ɗauko faifan farko ya kawo wa 'yar'uwarsa, kamar yadda ake yi. Ya durƙusa ya ajiye. Ta latsa gwazar da yatsa.

"Wa ya kula da wutar nan?"

"Ni," ya ce.

"Da alama." Ta jawo faifan gabanta, ta gutsura wa Gwaggo wurin da ya fi nuna, ta ci sauran haka.